Suturar Ƙasa: Tsire-tsire Masu Yaɗo a Gona da Garka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gona a ƙasar Arewa cikin watan Yuni ya san abin da ke gabatar ruwan sama. Gabas ta yi ja, iska ta taso da ƙarfi, yashi ya riƙa dukan ƙafa kamar ana watsa tsakuwa. Hatsin da ya tsiro kwana goma da suka wuce, wani yashi ya binne shi, wani iska ta tone masa saiwa, wani kuma ganyensa ya ƙone. Washegari manomi ya koma rumbu neman irin da zai sake shukawa, in da saura. Akwai shekarar da sai an yi shuka sau biyu ko sau uku kafin hatsi ya tsaya.

Iskar nan ba mai iya hana ta zuwa. Amma ba kowace gona take yi wa ɓarna iri ɗaya ba. Inda ta tarar da ƙasa tsirara, nan take kwasa. Inda ta tarar da kara a kwance, ko yaɗiya ta shimfiɗu, ko ƴan sabara sun tsaya, nan take sauke abin da ta ɗauko daga gonar wani.

Wannan darasi zai yi bayani a kan tsire-tsiren da ba su tashi sama, waɗanda ke yaɗo a ƙasa suna rufe ta. An shirya shi domin manoma maza da mata na gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri, cikin jahar Doso, musamman masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci. A lura, Tibirin da ake nufi ita ce ta ƙasar Arewa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011, ba Tibirin Gobir ta kusa da Maraɗi ba.

Me ake nufi da suturar ƙasa?

Suturar ƙasa ita ce duk abin da ya shiga tsakanin ƙasa da rana, da iska, da ɗigon ruwan sama. Iri biyu ce:

1. Ɗanyar sutura: tsire-tsire masu rai da ke yaɗo, kamar wake, guna, kabewa, dankali da yaɗiya, da gajerun ciyayi kamar gadagi da ƙarangiya.
2. Busasshiyar sutura: karan hatsi, da ganyen itace, da ƴan rassan da aka sare wajen sassabe, da busasshiyar ciyawa.

Kowace da lokacinta. A ƙasarmu ana samun ruwan sama wajen milimita 400 zuwa 600 a yawancin shekaru. Ya fi ƙaranci wajen Sukukutan da Dogon Kiriya, ya fi yawa wajen Gesheme, Dumega da Tibiri. Duka yana sauka cikin wata uku zuwa huɗu. Saboda haka yawancin ɗanyar sutura ba ta wuce kaka. Waken da aka shuka ba ya rufe ƙasa sai ƙarshen Yuli ko cikin Agusta, alhali iskar da ke kashe shuka tana zuwa tun Mayu da Yuni. Wanda ke son gonarsa ta kasance a rufe shekara duka, dole ya haɗa iri biyun.

Me ke samun ƙasar da ba ta da sutura?

*Iska.* Albarkar gona tana can bisa, cikin ƴar ƙasar da ba ta wuce faɗin hannu ba. Nan ne ruɓaɓɓen ganye da taki da lallausar ƙura suke. Su ne marasa nauyi, su ne iska ke fara ɗauka. Abin da ke saura shi ne farin yashi marar ƙarfi.

*Ruwa.* Ɗigon ruwan sama yana faɗowa da nauyi. In ya bugi ƙasa kai tsaye, sai ya farfasa ta, lallausan ya toshe ƙananan ƙofofin da ruwa ke bi ya shiga. Da rana ta fito, sai wurin ya yi ɓawo. Ruwa na gaba ba ya samun hanyar shiga, sai ya gudu. Haka fako ke farawa, haka kuma ƴar hanyar ruwa ke zama ƙorama mai cin gona. Mutanen garin Dogon Dutsi, da ke zaune a gindin duwatsu, sun san yadda ruwa ke gangarowa da ƙarfi daga tudun da ba shi da ciyawa.

*Rana.* A bazara da farkon damana, zafin saman yashi da tsakar rana yakan kai digiri 50, har ya wuce. Ɗan tsiron hatsi ba ya jure wannan. Raɓar da ruwan farko ya bari kuma tana tashi cikin ƴan kwanaki.

Sutura tana maganin ukun nan gaba ɗaya. Ganye yana tare ɗigon ruwa, ya sauke shi a hankali. Yaɗo da saiwa suna rage gudun ruwa, suna riƙe ƙasa. Inuwa tana sanyaya wuri, laima ta daɗe. Bayan haka, ƙurar da hunturu ke kawowa daga Sahara tana ɗauke da abincin shuka. Inda akwai abin tare ta, nan take zama.

Abin da bincike ya nuna

Kakanninmu sun san amfanin shuka wake cikin hatsi tun kafin a kafa wata tashar bincike. Abin da masana suka ƙara shi ne awo. Bayan farin 1973 da na 1984, an ba wannan al'amari muhimmanci ƙwarai. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada.

A cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, an gwada shimfiɗa karan hatsi a gonar yashi. An ga cewa tan 2 na kara a eka guda yana rage yashin da iska ke kwasa da kusan rabi, amma kilo 500 kaɗai bai yi wani tasiri sosai ba. Eka a nan ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. In aka yi lissafi, tan 2 a eka daidai yake da kilo 2 na kara a wuri mai tsawon mita 5 da faɗin mita 2.

A tashar Sariya ta ƙasar Burkina Faso kuma, an gwada dawa ita kaɗai da dawa haɗe da wake. Inda aka haɗa su, ruwan da ke gudu ya ragu, ƙasar da ruwa ke tafiya da ita kuwa ta ragu da rabi ko fiye.

Wannan dabara ba tamu ce mu kaɗai ba. Manoman ƙasar Meksiko sun daɗe suna shuka masara da wake da kabewa a gona ɗaya, ganyen kabewa yana rufe ƙasa. A kudancin ƙasar Benin, tun ƙarshen shekarun 1980, manoma sun yi amfani da wani nau'in karara marar ƙaiƙayi wajen danne tofa. Sai dai wannan tsiro yana son ruwa fiye da wanda muke samu. Ba duk abin da ya yi kyau a wata ƙasa ne zai yi a tamu ba. Ya fi kyau mu fara da abin da ƙasarmu ta riga ta sani.

Tsire-tsiren da ake shukawa

*Wake.* Shi ne babban mai rufe ƙasa a gonakinmu. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya; Najeriya ce kaɗai ke gabanta. Wake yana da wata baiwa da hatsi ba shi da ita. Ku tone saiwarsa a tsakiyar damana, za ku ga ƴan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa. Ku fasa ɗaya: in cikinsa ja-ja ne, to yana aiki. A ciki akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu jawo abincin shuka daga iska, irin wanda ake saye da kuɗi a takin yuriya. Shi ya sa hatsin da ya biyo bayan wake yakan fi kyau, kuma juya hatsi da wake yana taimakawa wajen rage ƙuduji.

Wake iri-iri ne. Na gargajiya mai dogon yaɗo ya fi rufe ƙasa, ya fi ba da harawa, amma yana daɗewa kafin ya nuna. Irin da aka inganta, kamar TN5-78 na cibiyar INRAN, yana nuna cikin wajen wata biyu da rabi, sai dai yaɗonsa bai kai na gargajiya ba. Mai hankali yakan ajiye iri biyun: in ruwa ya ɗauke da wuri, mai saurin nuna ya fisshe shi, in damana ta yi tsawo, mai yaɗo ya cika masa rumfa da harawa.

Ana shuka wake mako biyu zuwa uku bayan hatsi, domin kada ya danne shi. Akwai kuma tsarin layi-layi da cibiyar IITA ta yaɗa a ƙasar Kano: layi 2 na hatsi ko dawa, layi 4 na wake. Ta haka wake yana samun rana sosai, kuma baɗi sai a musanya musu wuri. Yashin ƙasarmu yana da ƙarancin sinadarin fosfor, wanda wake ke bukata ƙwarai. Giram 6 na takin 15-15-15 a kowane rami, wato cikin marfin kwalbar lemo guda, ko giram 2 na DAP, yana sa shuka ta yi saurin rufe ƙasa.

Wajen cire harawa, a yanke ta daga gindi, a bar saiwa cikin ƙasa. Wanda ya tumɓuke ta ya fitar da rabon gona tare da nasa.

*Gyaɗa da kwaruru.* Waɗannan galibi noman mata ne a ƙasar Arewa, kuma dangin wake ne wajen gyara ƙasa. In an shuka su kusa da kusa suna rufe wuri da kyau. Matsalarsu tana zuwa a kaka: sai an tone ƙasa kafin a cire su, a kwashe ganyen duka, a bar fili a sake kuma tsirara. Saboda haka kada a maimaita su wuri ɗaya shekara da shekaru, kuma bayan cira a watsa wa wurin kara ko rassa.

*Guna.* Ƴar uwar kankana ce, mai jure fari. A gabashin Nijar da arewa maso gabashin Najeriya ana shuka ta wajen ƙarshen damana, ta rayu da laimar da ta saura. Amfaninta a nan shi ne tana nan kore bayan an girbe hatsi, lokacin da gona ta fi bukatar sutura. Ana samun mai daga ƴaƴanta, dabbobi kuma suna cin ƙwallonta da rani.

*Kabewa da duma.* Ganyensu faɗi gare shi, gindi ɗaya yana rufe wuri mai yawa. Suna son taki, don haka sun fi dacewa da gonar bayan gida, da tsohon makwancin dabbobi, da gefen juji. A bar musu tazara, gama suna danne ƙananan shuke-shuke.

*Dankali.* Dankalin Hausa shi ne mai rufe ƙasa a fadama da garka. Ba a shuka shi da ƙwaya, sai da yaɗo: a yanko mai tsawon santimita 25 zuwa 30, a binne rabinsa a kan kunya. Cikin wata guda da rabi ya rufe wuri, ciyawa ta rasa hanya. Ana haƙa shi bayan wata uku zuwa huɗu. Ganyensa ana miya da shi, dabbobi ma suna ci. Akwai nau'i mai jan ciki da ke ɗauke da bitamin A, mai kare idon yara.

Tsire-tsiren da ke fitowa da kansu

Ba duk abin da ba a shuka ba ne abokin gaba. Kafin a sa hauya, a duba ko mene ne.

*Yaɗiya.* A cikin masu yaɗo, ita ce ba ta mutuwa da rani. Saiwarta tana nisa cikin ƙasa, ganyenta yana nan kore har bazara. Ku dubi gindin tsohuwar yaɗiya a gona: za ku ga ƙasa ta taru ta yi ɗan tudu, ta fi ta kewaye duhu da laushi. Wannan ƙasar iska ce ta kawo, yaɗiya ta tare. Ganyenta abinci ne, an yi kwaɗo da shi a gidaje da yawa cikin shekarun yunwa, kuma awaki da raƙuma suna ci. Idan ta yi yawa cikin shuka, a rage mata yaɗo, a bar gindin.

*Yoɗo.* Wasu suna ce masa karkashi. Yana kwanciya a yashi, ba ya tsaye wa hatsi. Mata suna tsinkar ganyensa, su shanya don miya. A bar wasu gindi su yi ƴaƴa, domin ya sake fitowa baɗi.

*Gadagi da marak.* Gajerun ciyayi ne dangin wake, masu gyara ƙasa. Gadagi abincin dabbobi ne mai daraja, har kasuwa ake kai shi. Marak yana rufe wurin da ya fara lalacewa, amma a yi hattara: in shanu suka cika ciki da shi yana ɗanye a farkon damana, yana sa su kumburi, har ya kashe.

*Ƙarangiya.* Ƙayarta ce ta ɓata mata suna. Amma tana cikin ciyayin farko da ke kama tudun yashi, dabbobi suna cinta tana ɗanya da kuma bayan ƙayar ta zube. Wurinta shi ne makiyaya da saura da gefen gona.

*Kiri-kiri.* Tana saƙa kanta a ƙasa kamar tabarma, tana jure taku. Ta dace da bakin rijiya, da gefen tafki, da bakin hanyar ruwa. Kada a kai ta kusa da fangalin kayan miya, gama in ta shiga, fitar da ita aiki ne.

*Duman kada.* Yana riƙe yashi a bakin tafki da ƙorama, furensa kuma yana da kyan gani. Amma guba ne ga tumaki da awaki da shanu: in yunwa ta sa sun ci shi da yawa, sai su kama makyarkyata da tangaɗi. A bar shi inda yake tsare gaɓa, kada a dasa shi a makiyaya ko kusa da turke.

Waɗanda ba a so

Wani tsiron yana rufe ƙasa amma yana korar na kirki. Babbansu shi ne garmani, wanda ya mamaye burtali da makiyaya da yawa a kudancin Nijar. Dabbobi ba su damu da shi ba, don haka suna cinye ciyawa mai kyau tun ba ta yi ƴaƴa ba, shi kuwa ya zubar da nasa. Maganinsa aikin gayya ne: a tumɓuke shi kafin ya yi fure, a watsa irin kyasuwa da gadagi da ƙarangiya a wurin, a maimaita shekara biyu ko uku. In an cire shi ba a sa komai a madadinsa ba, shi ne zai dawo.

Haka aya-aya take a garka: ƴan ƙwallayenta na ƙarƙashin ƙasa suna sake tsirowa ko an yanke ganyen. Abin da ba ta so shi ne inuwa, shi ya sa dankali mai kauri yake rage ta. Tsidau kuma, mai ƙaya a ƙafar yara, a cire shi daga filin gida da na makaranta tun bai yi ƴaƴa ba.

Kowace ƙasa da abin da ya dace da ita

*Jigawa.* Abokin gabarta iska ce. A damana a haɗa hatsi da wake. A kaka a bar wani kaso na kara a kwance. Wajen sassabe kada a tumɓuke sabara da kalgo, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, sauran da aka sare a shimfiɗa su a gona maimakon a ƙone. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda ya bazu daga jahar Maraɗi tun shekarun 1980. A iyakar gona a dasa layin gamba: yana tare yashi, yana ba da zana.

*Fako.* Nan iri ba ya kamawa sai an fara buɗe wa ruwa hanya. Hanya mafi sauƙi ita ce a jibga rassa da kara a wurin tun da rani. Yashi da irin ciyawa za su taru a ƙarƙashi, gara kuma ta huda ɓawon, ruwa ya sami mashiga. Inda fakon yake da faɗi, sai a haƙa rabin wata: faɗinsa mita 4, bakinsa yana kallon inda ruwa ke fitowa, wajen 313 a eka guda. A ciki a watsa irin ciyawar da aka tara a kaka. A tsare wurin daga dabbobi shekara biyu zuwa uku. In ba a tsare ba, an yi wahalar banza.

*Fadama da garka.* A cikin Dallol Mauri ruwa yana kusa, shi ya sa noman rani ya yi ƙarfi daga Matankari da Dogon Dutsi har zuwa Kore Mai Ruwa da Tibiri. Amma ɗebo ruwa da hannu gajiya ce, da inji kuma kuɗin mai ne. A cikin fangalin tumatir, kabeji, tattasai ko dankalin Turawa, busasshiyar ciyawa ta fi dacewa, domin ba ta shan ruwan shuka. A shimfiɗa ta kaurin yatsa uku, kada ta taɓa gindin shuka. Ɗanyar sutura kuwa a kai ta gefen garka, da bakin hanyar ruwa, da tsakanin ƙananan itatuwan mangwaro, lemo da gwaba. A bar fili kamu guda kewaye da kowane ɗan itace. Da damana kada a bar garka ta zauna haka nan: a shuka mata wake.

*Gida, makaranta da bakin rijiya.* Shimfiɗar koriyar ciyawa irin ta manyan otal na Yamai tana bukatar ban ruwa kullum. Ba da ruwan da mace ta ɗauko a ka za a yi ta ba. Abin da ya dace da mu shi ne mai amfani biyu. A shuka dankali ko kabewa inda ruwan alwala da na wanke hatsi ke zuba, kada ya kwanta ya tara sauro. A filin makaranta, yaɗiya da wake a gindin shinge suna rage ƙurar da ke shiga aji.

Matsaloli da yadda za a bi da su

*Kara yana da masu so da yawa.* Dabba na so, darni na so, murhu na so, kasuwa ma na so. Ba wanda zai ce wa mai tumaki ya bar su da yunwa don ya tufatar da ƙasa. Amma tun da an ga kara kaɗan da aka watsa ko'ina ba ya tare iska, to a tattara abin da aka iya bari a wurin da ya fi lalacewa, a rufe shi sosai. Baɗi a matsa gaba. Ƙara noman wake kuma yana ƙara harawa, harawa tana rage bukatar kara.

*Rabon ruwa.* Tsiro mai rai yana shan ruwa. A shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, sutura mai kauri tana iya cutar hatsi. A arewacin gundumar Dogon Dutsi a rage yawan wake cikin hatsi, a fi dogara ga busasshiyar sutura.

*Tsutsar kara.* Tana kwana rani cikin karan hatsi, ta fito da damana. Karan da aka bari a tsaye ko aka tara a inuwa yana ɓoye ta. Wanda aka sare da wuri bayan girbi aka kwantar a ƙasa, zafin rana yana kashe yawancinta.

*Maciji, kunama da gobara.* Tsoron nan gaskiya ne. A bar fili sharre, taku biyu ko uku, kewaye da ɗaki da rumbu da wurin wasan yara. Kada a sa hannu cikin yaɗo mai kauri sai an fara bugawa da sanda.

*Sakin dabbobi.* Bayan ranar da hukuma ta sa ta buɗe gonaki, dabbobi suna shiga ko'ina. Wannan ba asara ce zalla ba, gama suna barin taki. Inda ake son a tsare wani wuri, a zauna da mai gari da makiyaya da kwamitin kula da filaye, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, a yi yarjejeniya tun kafin a fara aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin kowane lokaci

- Kaka (Oktoba da Nuwamba): tara irin wake, guna, gadagi, kyasuwa da gamba. Yanke harawa daga gindi. Kwantar da kara.
- Ɗari (Disamba zuwa Fabrairu): rufe fangali da ciyawa. Kula da yaɗon dankali don iri.
- Bazara (Maris zuwa Mayu): sassabe ba tare da wuta ba. Jibga rassa a fako. Haƙa rabin wata.
- Farkon damana (Yuni da Yuli): shuka hatsi, sannan wake. Watsa irin ciyawa. Cire garmani.
- Tsakiyar damana (Agusta): dasa gamba da kiri-kiri. Shuka guna wajen ƙarshen wata.

A gwada a gani

Gani ya kori ji. Kowane mai karatu zai iya wannan gwaji a gonarsa. A auna wuri biyu kusa da juna, kowane taku goma tsawo, taku goma faɗi. Ɗaya a rufe shi da kara tun kaka, a shuka masa wake cikin hatsi da damana. Ɗayan a bar shi yadda aka saba. A kafa sanda mai alama a tsakiyar kowane, domin a ga inda ƙasa ta ƙaru da inda ta ragu. Kwana uku bayan ruwa, a tona da hannu a duba laima. A kaka a ƙirga damman kowane wuri, a rubuta a littafi. Shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. A maimaita shekara uku, a kawo lissafin cibiya a gwada da na sauran ƴan aji.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne tsire-tsire masu yaɗo ne dattawan garinku suka sani a da, waɗanda yanzu suka yi wuyar gani? Ku rubuta sunayensu.
2. Me ya sa wake ba ya iya kare hatsi daga iskar watan Yuni? Me zai iya kare shi?
3. Idan eka guda tana bukatar tan 2 na kara, kilo nawa rubu'in eka ke bukata?
4. A garinku, wa ke da ikon ɗiban kara a gona bayan girbi? Ta yaya za a daidaita bukatar dabba da ta ƙasa?
5. Wane wuri ne ya fi lalacewa a kewayen garinku, kuma wane aiki ƴan aji za su iya farawa a can kafin damana mai zuwa?